Turawa da Son Kayan Japan: Tambayoyi da Amsoshi kan Anime, Manga da Masoyansu

Ɗaliban da suka je karatu Turai ko Amurka, da iyayen da ke renon 'ya'ya a can, da ma waɗanda ke gida suna ganin hotunan Turawa sanye da koren gashin kanti suna riƙe da takobin roba, kusan tambayoyinsu ɗaya ne. Ga waɗanda suka fi yawan dawowa, daga masu sauƙi zuwa masu zurfi.

Wai mene ne anime, kuma mene ne manga?

Manga labari ne da ake bayarwa cikin zane a littafi, yawancinsa baƙi da fari. A Japan yakan fara fitowa babi-babi a mujallu masu kauri na mako ko na wata, irin su Weekly Shonen Jump da kamfanin Shueisha ke bugawa tun 1968, daga baya a tara babukan a ɗaure su littafi-littafi. Daga dama ake buɗe shi zuwa hagu, yadda ake buɗe littafin Larabci. Anime kuwa zane ne mai motsi, na talabijin ko na silima, kuma da yawansa daga manga ake ciro shi: idan labari ya karɓu a takarda, sai a kai shi allo.

An kasa manga gwargwadon masu karanta shi: shonen na samari, shojo na 'yan mata, seinen na manyan maza, josei na manyan mata. Wannan rabo yana da amfani ƙwarai ga iyaye, kamar yadda za a gani a amsar da ta shafi yara.

Wannan so sabon abu ne da intanet ta kawo?

Ya girmi intanet da fiye da shekara ɗari. Japan ta yi sama da ƙarni biyu tana taƙaita hulɗa da waje, har jiragen ruwan yaƙin Amurka ƙarƙashin Matthew Perry suka iso a 1853 suka matsa mata ta buɗe tashoshinta. Daga nan kayanta suka yi ta kwarara Turai: tangaran, mafitai, siliki, da hotunan da ake bugawa da sassaƙaƙƙen katako. A baje kolin duniya na Paris a 1867 Japan ta baje nata, mutanen birnin suka yi caa a kai. Mai zane Claude Monet ya tara irin waɗannan hotuna a gidansa na Giverny, Vincent van Gogh kuma ya zauna a 1887 ya kwafi ayyukan mai zanen Japan Hiroshige da fenti don ya koyi hannunsa.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu silima ta karɓa. Fim ɗin Akira Kurosawa mai suna Rashomon ya ci babbar kyautar bikin Venice a 1951, Amurkawa suka juya labarinsa na mayaƙan samurai bakwai zuwa fim ɗin kaboyi a 1960, George Lucas kuma bai taɓa ɓoye cewa ya ɗebi wani abu daga Kurosawa wajen tsara Star Wars ba. Astro Boy na Osamu Tezuka ya fara fita a talabijin ɗin Japan a 1963, kafin shekarar ta ƙare yara a Amurka suna kallonsa da Turanci.

Me ya sa ake cewa Faransa ta fi kowa a Turai?

Abin ya samo asali ne daga araha. A ƙarshen shekarun 1970 tashoshin Turai suna neman abin da za su cika lokacin yara da shi, anime kuwa yana zuwa ne kashi hamsin, kashi saba'in, a farashin da bai kai na yin nasu ba. Ranar 3 ga Yuli 1978 tashar Antenne 2 ta fara nuna Goldorak, wani ƙaton mutum-mutumin ƙarfe na mai zane Go Nagai, wanda Italiya ta riga ta fara nunawa a watan Afrilu na shekarar. Yara suka rikice a kansa. Sai shirin Club Dorothée na tashar TF1, daga 1987 zuwa 1997, ya shayar da yaran Faransa Dragon Ball da makamantansa safe da yamma. An yi kuskure a lokacin, domin an riƙa saka shirye-shirye masu zubar da jini a gaban 'yan firamare saboda kawai zane ne. Iyaye suka yi ƙorafi, 'yar siyasa Ségolène Royal ta rubuta littafi a 1989 tana sukar abin da ake nuna wa yara.

Amma yaran nan sun girma, sun zama malamai, 'yan jarida, masu buga littattafai, iyaye. Sannan Faransa ƙasa ce da tun asali take girmama labarin zane, babba ya karanta shi a jirgin ƙasa ba ya jin kunya. Bikin Angoulême da ake yi tun 1974 ya ba Katsuhiro Otomo babbar lambarsa a 2015, ya ba Rumiko Takahashi a 2019. Shi ya sa ake lissafa Faransa a matsayin babbar kasuwar manga bayan Japan. Da gwamnati ta ba 'yan shekara 18 Yuro 300 a 2021 don su sayi kayan al'adu, da yawansu manga suka kwasa, har jaridu suka riƙa danganta shirin da manga. Da Akira Toriyama, mai Dragon Ball, ya rasu a watan Maris 2024, shugaban ƙasa Emmanuel Macron da kansa ya yi ta'aziyya.

Wannan ruwa ya malalo har yankinmu. Wanda ya tashi yana kallon tashoshin Faransanci a Nijar, Kamaru ko Chadi, mai yiwuwa ya san labarin ɗan ƙwallon nan Captain Tsubasa da sunan Olive et Tom, a ƙasashen Larabawa kuwa Kaftin Majid ake ce masa.

Amurka fa, ta wace hanya ya shiga?

Ta ƙofa biyu. Ta farko ita ce wasannin bidiyo: Nintendo ya shiga gidajen Amurka a 1985 bayan kasuwar wasannin ta durƙushe a 1983, yara suka saba da Mario, jarumin wasansa, tun kafin su san daga ina yake. Ta biyu ita ce ƙananan ƙungiyoyin masoya a jami'o'i. Wani zai sayo faifai daga Japan da tsada, wani da ya ji Japananci ya fassara, wani ya ɗora rubutun a ƙasan hoto, sannan a yi ta kwafa a kaset ana aikawa ta gidan waya, kwafin kwafi har hoton ya dushe. Sukan rubuta a kai cewa ba na sayarwa ba ne.

Abin ya fito fili ne da tashar Cartoon Network ta buɗe shirin Toonami a 1997, ta saka Dragon Ball Z da Sailor Moon a 1998 daidai lokacin tashi daga makaranta. A shekarar ce kuma Pokémon ya iso da wasansa da shirinsa, katunansa suka biyo baya. Crunchyroll, wanda yanzu shi ne babban dandalin kallon anime a waje, ya fara ne a 2006 da bidiyon da ba shi da izini, ya koma bin doka a 2009, Sony ya saye shi a 2021 kan dala biliyan 1.175. Yau sabon kashi yakan iso Amurka da fassara a ranar da aka nuna shi a Tokyo.

Ai katun na yara ne. Me babban mutum yake gani a ciki?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce nauyi. Katun ɗin da Turawa suka saba da shi a da, kowane kashi yakan ƙare inda ya fara, ba wanda ke girma, ba wanda ke mutuwa. Anime ya zo da dogon labari mai ci gaba. Goku na Dragon Ball ya fara yana yaro, ya yi aure, ya haihu, ya mutu, ɗansa ya ɗauki nauyi. Naruto maraya ne da mutanen garinsu ke ƙyama, yana ta faɗi-tashi don a san da shi. Yaron da ba shi da aboki a makaranta a Ohio ko Marseille ya ga kansa a nan. One Piece na Eiichiro Oda yana fitowa tun 1997, akwai waɗanda suka fara shi suna firamare yanzu suna karantawa da 'ya'yansu.

Sannan babu abin da ba a yin labari a kansa: ƙwallon raga, girki, aikin ofis, zaman makoki, yaƙi. Grave of the Fireflies na Isao Takahata (1988), labarin wa da ƙanwarsa a Kobe a 1945 bayan ruwan bama-bamai, manya da yawa ba sa iya sake kallonsa. Masu zanen kuma suna ba ƙananan abubuwa haƙƙinsu: tururin da ke tashi daga kwanon taliya, ƙararrawar mararrabar jirgin ƙasa, takalman da aka jera a bakin ƙofa, kukan ƙwari da rana tsaka a lokacin zafi. A ganina sirrin shi ne an ɗauki matashin mai kallo a matsayin mai hankali, wanda zai iya jure baƙin ciki da jira. Hayao Miyazaki ya ci kyautar Oscar sau biyu da irin wannan aiki, a 2003 da 2024.

Kada kuma a ɗauka farar fata kaɗai ne. Baƙaƙen Amurka suna cikin masoyan Dragon Ball da Naruto na gaba-gaba. Michael B. Jordan ya ce daga anime ya ɗauko salon damben da ya tsara a Creed III, Israel Adesanya, ɗan damben da aka haifa a Legas, kowa ya san shi da son Naruto.

Wannan bai yi kama da yadda Hausawa ke son fim ɗin Indiya ba?

Ya yi kama sosai. Shekara da shekaru mutane suna cika silimu a Kano suna kallon fim ɗin Indiya ba tare da jin yaren ba, har suka haddace waƙoƙi, suka raɗa wa jarumai sunayen Hausa, daga baya aka zo da fassarar Indiya-Hausa, Kannywood kuma ta ɗauki rawa da waƙa. Haka Turawa suka yi: daga kallo suka koma yin nasu. Bafaranshe Tony Valente ya zana manga mai suna Radiant, har tashar NHK ta Japan ta nuna shi a matsayin anime a 2018.

Inda suka bambanta shi ne, Bahaushe ya fi ganin abin da ya sani a fim ɗin Indiya, kunya, biyayya ga iyaye, soyayyar da dangi suka hana, shi kuwa Bature sau da yawa baƙuncin abin ne ke jansa. Akwai kuma tarihi a tsakani: Amurka ta mamaye Japan daga 1945 zuwa 1952, Tezuka ya tashi yana ƙaunar zanen Disney, don haka wani ɓangare na abin da Amurkawa ke so nasu ne da ya je ya sake kama ya dawo.

Su wane ne otaku, su wane ne weeb?

A Japan otaku shi ne wanda ya dulmuya cikin abu ɗaya, anime ko jiragen ƙasa ko kwamfuta. Sunan ya ɓaci a 1989, lokacin da aka kama wani mutum da ya kashe ƙananan 'yan mata huɗu, jaridu suka yi ta nuna ɗakinsa cike da kasa-kasan bidiyo. An daɗe kafin tabon ya ragu. A Yamma kuwa masoya suka ɗauki sunan da alfahari. Weeb gori ne da ake yi wa wanda ya wuce gona da iri: yana cusa kalmomin Japananci a kowace magana, yana raina ƙasarsa, yana ganin ya san Japan alhali a allo kawai ya gan ta. Yanzu da yawa suna kiran kansu da shi ba tare da jin zafi ba. Yawan kallo ba shi ne laifi ba, matsalar tana farawa ne lokacin da mutum ya haɗu da Bajapane na gaske ya ɗauke shi kamar wanda ya fito daga zane.

Me ya sa suke shigar jaruman labari suna taruwa?

Ana kiran wannan cosplay, kuma sana'ar hannu ce ta gaske. Mutum zai yi watanni yana ɗinki, yana yanka soso mai tauri yana gasa shi da iska mai zafi har ya lanƙwashe ya zama sulke, yana gyara gashin kanti da man tsayar da gashi, duk don kwana biyu ko uku. A ƙofar taro ana duba makaman wasa a ɗaura musu alama, ƙa'ida kuma ita ce a nemi izini kafin a ɗauki hoton mutum ko a taɓa kayansa. Japan Expo da ake yi a Villepinte kusa da Paris a watan Yuli yakan tara sama da mutum 200,000, Anime Expo na Los Angeles sama da 100,000, a Nagoya kuma ana taron duniya na cosplay tun 2003. Ga wanda ake yi wa dariya a unguwarsu saboda abin da yake so, nan ne yake samun 'yan'uwa.

Japanawa ba sa jin haushin ganin baƙi sanye da kimono, tufafinsu na gargajiya?

A cikin Japan akasari maraba ake yi, shaguna a Kyoto ma hayar kimono suke ba baƙi su zaga gari. Inda aka fi samun saɓani a Amurka ne, inda 'yan asalin Japan ke ɗauke da tarihin raini, har da tsare kusan mutum 120,000 a sansanoni lokacin yaƙi. A 2015 an yi zanga-zanga a wani gidan adana zane na Boston saboda ana ba maziyarta kimono su saka a gaban zanen Monet, wasu Japanawa kuma suka fito suna goyon bayan shirin. Abin da ya haɗa kan kowa shi ne na 2019, da Kim Kardashian ta so ta sa wa kamfaninta na kayan ciki suna Kimono. Magajin garin Kyoto ya rubuta mata takarda, ta canza sunan.

Mece ce rigimar ɗora murya da rubutacciyar fassara?

Wasu suna son jin muryoyin asali suna karanta fassara a ƙasa, wasu sun fi son a ɗora muryar harshensu. Zafin gardamar ya samo asali ne daga yadda kamfanonin Yamma suka riƙa yi wa anime aski a da. A Pokémon na Turanci an nuna dunƙulen shinkafa a hannun yaro ana ce masa donot. A One Piece an mayar da sigarin wani jarumi alawa mai tsinke. Fim ɗin Miyazaki na Nausicaä an yanke masa sama da minti 20 a Amurka, abin da ya sa kamfanin Ghibli mai fitar da fina-finansa ya kafa sharaɗin ba a taɓa masa fim. Manga ma juya shafukansa ake yi don a karanta daga hagu, har sai da Tokyopop ya fara buga shi yadda yake a 2002, masu saye suka fi son haka. Yau ɗora murya ya inganta ƙwarai, zaɓi ya koma na ra'ayi.

Ba gwamnatin Japan ce ta shirya wannan don tallata kanta ba?

A baya ta biyo. Tashoshi masu neman araha da masoya masu kwafar kaset su suka share hanya, kamar yadda amsoshin Faransa da Amurka suka nuna. Sai bayan ɗan jarida Douglas McGray ya yi rubutu a mujallar Foreign Policy a 2002 kan ƙarfin al'adun Japan ne maganar ta shiga bakin hukuma sosai. An naɗa Doraemon, wani jarumin zane, jakadan anime a 2008, an kafa asusun Cool Japan a 2013 wanda ya sha suka saboda asara, firaminista Shinzo Abe kuma ya fito cikin shigar Mario a rufe gasar Olamfik ta Rio a 2016.

Japan ɗin da ke cikin anime ita ce ta gaske?

Titunan na gaske ne, har masoya kan je ziyarar wuraren da aka zana, kamar matakalar wurin bauta na Suga a Tokyo ko mararrabar jirgin ƙasa ta Kamakura. Baƙi kusan miliyan 37 suka shiga ƙasar a 2024, ko da yake mafi yawansu daga Koriya ta Kudu, Sin da Taiwan suke. Cunkoson ya gajiyar da wasu garuruwa: a 2024 an kafa baƙin labule a Fujikawaguchiko don hana tsayawa a titi ana ɗaukar hoton dutsen Fuji, unguwar Gion ta Kyoto kuma ta hana baƙi shiga wasu lunguna saboda bin geisha, mata masu wasan gargajiya, da kyamara.

Rayuwar kuwa daban ce. Ƙasa ce da kusan mutum uku cikin goma sun kai shekara 65, inda dogon lokacin aiki ke kwantar da mutane, inda baƙo kan sha wuya kafin ya samu gidan haya. Manya da yawa a can ba su taɓa jin sunan shirye-shiryen da Bature ke mutuwa a kansu ba, domin da tsakar dare ake nuna su.

Duk wannan kuɗi yana kaiwa ga masu zanen?

Kaɗan ne ke kaiwa, kuma wannan ya kamata ya dami duk mai son abin. A 2023 kuɗin da masana'antar anime ta samu daga waje ya zarce na cikin gida. Amma yawanci gamayyar kamfanoni ce ke zuba jari, mai buga littafi da tashar talabijin da mai kayan wasa, su ke riƙe da haƙƙin mallaka, ɗakin zane kuma kuɗin aiki kawai yake karɓa. Sabon mai zane, wanda ke cike motsin da ke tsakanin manyan zane biyu, sau da yawa a kan kowace takarda ake biyansa, wajen yen 200, takarda ɗaya kuma tana iya cin awa guda. Da yawa suna barin sana'ar tun ba su ƙware ba.

Kyoto Animation na cikin 'yan kaɗan da aka sani da biyan albashi da horar da ma'aikatansu. Da wani ya cinna wa ɗakin aikinsu wuta ranar 18 ga Yuli 2019 mutum 36 suka rasu, masoya daga ƙasashe da dama suka tara miliyoyin daloli don iyalan. Mai son taimakawa ya sayi littafi na halal, ya kalla ta hanyar da ke da izini.

Ɗana ya kamu da son anime. Me zan lura da shi?

Kada zane ya ruɗe ka, ka duba shekarun da aka rubuta a jikin kowane shiri, ka tuna rabe-raben da aka kawo a amsar farko da abin da ya faru a Faransa. Doraemon da My Neighbor Totoro sun dace da ƙanana. Attack on Titan da Chainsaw Man cike suke da jini. Akwai masu nuna tsiraici cikin raha ko da labarin na 'yan makaranta ne, akwai kuma na batsa zalla a shafukan kallon kyauta. Ka zauna ka kalli kashi biyu ko uku tare da shi, ka tambaye shi wane jarumi yake so da dalili, za ka ji abin da ke ransa.

Ta fuskar addini, labaran suna cike da aljanu da abubuwan bautar Shinto da Buddha, sai a yi wa yaro bayani. An kuma samu kurakurai da suka taɓa Musulmi: a 2008 an dakatar da sayar da wani anime na JoJo saboda an nuna shafukan Alƙur'ani a hannun mugu, a 2019 aka janye wani faifan kiɗan Demon Slayer saboda an saka sautin kiran salla a ciki. Duk biyun kamfanonin sun ba da haƙuri.

Za a iya koyon Japananci ta hanyar kallo kawai?

Kunne zai saba, za a tsinci kalmomi, amma jaruman faɗa suna magana ne da gatsali irin wanda ba a yi wa malami ko maigida, Japananci kuwa yana da matakan girmamawa da dole a koya. Rubutun ma aiki ne: hiragana 46, katakana 46, da haruffan kanji 2,136 na amfanin yau da kullum. Makarantar horar da jami'an diflomasiyyar Amurka tana ware masa awa 2,200 na aji, yana cikin harsunan da suka fi wuya ga mai jin Turanci. Jarrabawar iya Japananci ta JLPT tana da mataki biyar, daga N5 na mafari zuwa N1, kamfanoni kuma sukan nemi N2 ko sama. Turawa da yawa suna shiga ƙasar ta shirin JET na koyar da harsuna wanda aka fara a 1987. Ɗalibi daga Nijeriya kuwa yana iya neman tallafin karatu na gwamnatin Japan mai suna MEXT, wanda ofishin jakadancin Japan da ke Abuja ke sanar da buɗe shi kowace shekara.